Kawu Sale da Dabba Mai Bakin Agwagwa

Duk wanda ya zauna unguwar Hindawiyya, a garin bakin tekun da ake bi zuwa Makka, ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ba ya neman abu da ido a buɗe. Ko takalminsa ne ya ɓace a ƙofar masallaci, sai ya runtse ido ya hau lalube.

A tashar jiragen ruwa ya samo wannan hali, inda yake aikin nutso yana kankare gindin jirage. Wani ma'aikacin jirgin tumaki daga Ostiraliya ne ya ba shi hoton wata dabbar ƙasarsu, baki na agwagwa, jiki duk gashi, ga ta da yin ƙwai. Ya ce masa in ta nutse sai ta rufe ido da kunne da hanci, ta bi laka da baki tana tsintar tsutsa, ta tara a kumatu, sai ta taso ta ci. 'Yan shan gahawa suka ce haɗa hoton aka yi. Kawu ya ce halas, wato shi ke nan, a jikinsa zai nuna musu.

Ranar farko ya gwabza kai da gindin kwalekwale, ya taso da ƙulu a goshi, ya rantse kwalekwalen ne ya matso. Rana ta biyu ya cusa 'yar kaguwa a kumatu, ta cafke masa harshe. Kwana uku da hannu yake gaisawa. Matarsa, Inna Hajara, ta ce tun aurensu ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba.

Bai daddara ba. Wata shekara, lokacin saukar alhazai, jakar wata tsohuwa ta faɗa ruwa, fasfonta na ciki a gwangwani. Shekara huɗu ta yi a hanyar Sudan, kuma in ba fasfo ba Makka. Ruwan ya yi baƙi da mai da laka. Masu gilashin nutso biyu suka shiga, ba su ga komai ba. Kawu ya rufe ido ya faɗa. Sau bakwai yana tasowa ana ba shi haƙuri, hancinsa har jini. A na takwas ya ɓullo da igiyar jakar a haƙora.

Tsohuwar ta fashe da kuka tana sa masa albarka. Ya tofar da igiyar ya ce, "Yalla, maza Hajiya, kar mota ta tafi ta bar ki."

Tun ranar kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Na taɓa yi masa jaje, ya ce, "'Yata, na dama ya ishe ni jin kiran salla."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya ba shi hutun da bai yarda ya ba kansa ba a duniya. Amin.