Shafukan da Baba Agbo Ya Cike

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da Hajiya Rabi, mai kantinmu, ta aike ni garin Obi da littafin Alhaji Modu ba. Ku da kuka zo daga baya kuna kukan aiki ya yi yawa, ku matso ku ji.

Lokacin ina sabon shiga, muƙamina shaida. Ga wanda bai san sana'ar ba, masu tara tsofaffin littattafan barkwanci na zane ba sa yarda da sa hannun mai zane sai wani daga kanti ya tsaya ya gani da idonsa. Shaida zai sa safar hannu, ya miƙa littafin, ya ɗauki hoto, ya rubuta takardar da ke faɗin halin da littafin yake ciki. Daga nan a buga hatimi, a rufe shi cikin gidan roba wanda ba a sake buɗewa. Wato dai jana'iza muke yi wa littafi, amma cikin mutunci.

Alhaji Modu tsohon darakta ne a nan garin Lafiya. Abin da ya kawo shi ne fitowar farko ta "Iro Ba Birki", labarin direban tasha da muka tashi muna dariyarsa. Sabo fil, har gefen shafukan a manne yake yadda ya fito daga maɗaba'a. Tun da ya saya bai taɓa buɗe shi ba, kuma da wannan yake alfahari.

Hajiya ta ja ni gefe ta ce, "Ɗanladi, in littafin nan ya dawo da tabo ko kamar na kashin ƙuda, kai ma ka nemi wani wurin." Matata tana da tsohon ciki a lokacin, saboda haka na ji maganar har cikin ƙashina.

Na tarar da mai zanen, Baba Agbo, a gindin mangwaro yana cin gasasshiyar doya da manja. Ina ganin manjan nan na tuna da gargaɗin Hajiya. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani, na miƙa masa safar hannu.

"Ni likita ne?" in ji shi da karyayyar Hausarsa. Ya goge hannu a wando, ya karɓe littafin. Ya juya shi, ya ga shafukan a manne, sai ya ɗago kai.

"Mai wannan littafi, makaho ne?"

"A'a Baba, darakta ne."

"Ehen, shi ya sa. Yaro, ni ba na sa hannu a littafi wanda ba a karanta ba. Na zana don mutane ya yi dariya, ba don ya kwanta cikin leda ba."

Kafin in buɗe baki ya ɗauki wuƙar da yake fere doya, ya zura tsakanin shafukan, ya tsaga. Wallahi sautin nan har yau ina jin sa. Na tsaya da safata a hannu ina salati, ina tunanin ko ƙanen babana zai ɗauke ni aikin keke napep.

Baba kuwa karatu yake yi da ƙarfi, yana ƙyaƙyata dariyar barkwancin da shi ya rubuta. Da ya kai tsakiya sai ya fashe da wata dariyar har da tari. Ya juyo min da littafin. Shafukan tsakiya farare ne tas, ko ɗigon tawada babu.

"Injin na lokacin yana tsallake," ya ce yana share hawaye. "Irin wannan masu ƙosai muke ba. Oga naka ya ajiye takardar ƙosai shekara da shekaru!"

Ya sa aka kawo masa alƙalaminsa. Ya tambaye ni kamannin Alhaji, ni kuma sakarai na nuna masa hoto a waya. Nan take ya cike shafukan. Ya zana Iro ya ɗauko wani fasinja mai babbar riga da tumbi da tabarau, rungume da kular abinci a ƙirji. Tafiya ta yi nisa, yunwa na cin mutumin, 'yan mota suna roƙonsa ya buɗe ya ci, shi kuwa ya ƙi, wai in ya buɗe abincin zai rage daraja. Ko jikan Alhaji ya gani zai ce ga Kaka. Baba ya sa hannu a bangon littafin, babban yatsansa ya bar tambarin manja a gefe.

A hanyar dawowa na yi tunanin yin ƙarya, sai na ga ban san wadda za ta rufe wuƙa da manja ba. Na rubuta abin da na gani: mai zane ya buɗe littafin da kansa, ya tarar da tsakiya fari, ya zana da hannunsa, tabon bango kuma yatsansa ne. Abin da ya zana ne dai ban ga dalilin faɗa ba, tunda ba a tambaye ni ba.

Hajiya ta karanta, ta kira Alhaji. Ya zo, ya gyara tabarau, ya karanta takardar a tsaye, ni kuma ina laɓe kusa da ƙofa.

"Wato duk duniya ni kaɗai ke da irinsa?" ya ce. "Ku rufe! Maza ku rufe kafin iska ta taɓa shi."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ka ɗan duba ba?"

"In duba in lalata? Yaro, ba ka san darajar kaya ba."

Aka buga hatimi, aka rufe, aikina ya tsira. Abin da na koya shi ne, masu zane suna so a karanta su, masu tarawa suna so a gan su da abin, kai shaida naka ka faɗi gaskiya daidai gwargwadon tambaya.

Littafin yana falon Alhaji, duk baƙon da ya je sai an nuna masa. Da sallah na je gaisuwa, ni ma ya ɗauko min. Ya tsaya yana ba ni tarihinsa, rungume da shi a ƙirji, daidai yadda Baba ya zana.