Tagar Malam Bunyaminu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 4 ga Maris 2025, cikin azumi, gobara ta yi ajalin Malam Bunyaminu, malaminmu na koyon gini a Bagudo.

Malam, kai ka kawo mana tabaran nan na kwamfuta, wanda in mutum ya sa sai ya gan shi cikin ɗaki yana cin wuta. Dariya muka yi, muka ce ka kawo wa magina wasan yara. Da na sa, dariyar ta ƙare. Hayaƙi ya tare ƙofa, na ruga taga, na tarar da ƙarafa an walde su cikin bango, yadda muke yi wa kowane gida don tsoron ɓarayi. Na kurma ihu a tsakiyar aji. Ka cire mini tabaran, ka ba ni ruwa, ka ce, "Jabiru, mi kaka nema ga taga? Ba ku kunka liƙe ta ba?"

Tun ranar ka hana mu walda ƙarfen taga sai da hinji da sakata ta ciki, yadda za a iya buɗe shi. Har ƙauyen Geza ka hau babur ka gyara wa Goggo Dela, tsohuwar da ba ta da kowa, tata tagar kyauta.

Amma kai gidan haya kake. Ka roƙi mai gidan ya bari ka yanke ƙarafan ɗakinka, ya ce a bari sai bayan salla. A zauren gidan ake tara jarkokin fetur masu tsallakawa ƙasar Benin. Bayan azahar ka kishingiɗa, wuta ta kama zauren. A bakin taga aka same ka.

Tsoro nake ji, Malam. Nan babu tabaran da za a cire wa mutum. 'Ya'yana suna kwana a irin wannan ɗaki, maƙwabcina ma fetur yake ajiyewa. Daga maƙabarta ban tsaya zaman makoki ba, na ari injin yankan ƙarfe na nufi gida, ban tambayi mai gidan da nake haya ba.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya tsare ka daga wutar lahira. Ya ba matarka Munawwara da 'yarka Riskuwa haƙurin rashinka. Jibi mu ɗalibanka za mu je gidan iyayen Munawwara inda suka koma, za mu fara da tagarsu.