Yadda aka kusa sallamar Mama Rifkatu saboda kunun kanwa

Ku matso nan, ku da kuka shigo aikin asibiti jiya-jiya, in ba ku wani labari. Har yau in na ga ƙaramar farar ƙwaya sai safiyar nan ta faɗo mini a rai. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a ba mu Zamfara ba tukuna, ni kuma ina atanda a wani ɗan asibiti a Ƙaura. Atanda, ga wanda bai sani ba, ita ce mai shara da gyaran gado da kai wa majinyata abinci. Ban yi boko mai nisa ba, amma duk abin da aka faɗa a asibitin nan ta kunnena yake bi.

Mai dafa abincin majinyata ita ce Mama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna da mijinta ya kawo ta yana aikin jirgin ƙasa. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, da aikin nan take riƙe da su. Mace ce mai zafin nama da zafin baki, sai ga shi ta fara sanyi. Fuska ta kumbura, murya ta dushe, gashi yana zuba, kuma ana tsakiyar bazara muna neman inuwa ita tana lulluɓe da zane a bakin murhu. Sai ta ɗora tukunya ta yi barci a zaune. Tuwo ya ƙone, ya sake ƙonewa.

Likitanmu, yaro ne matashi mai haƙuri, ya ɗebi jininta ya aika Sakkwato. Da sakamako ya dawo ya ce akwai wani ɗan nama a maƙogwaro, daidai inda maƙoƙo ke fitowa, shi ke hura wa jiki wuta, nata ya yi rauni. Ya ce za ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya har iyakar rayuwa. Ta karɓo a taga wajen Malam Bawa mai ba da magani, muka yi ta barka.

Damina ta shigo, Mama tana nan jiya i yau. Likita ya ƙara ƙarfin ƙwayar, ya sake aika jini, aka ce da sauran aiki. Duk sanda ya tambaye ta ko tana sha, sai ta rantse ba ta taɓa tsallake rana ba, kuma gaskiya take faɗa. Shi kuwa Sakatare, wato mai kula da ma'aikata, ya ce shi bai san wata cuta da ke sa barci a bakin aiki ba sai lalaci. Ya ce in kaka ta yi ba ta miƙe ba, yana da wadda zai sa a gurbinta.

To, kun san asibiti. Da zarar maganin likita ya gaza, kowa ya zama likita. Direban motar asibiti ya je kasuwar Shinkafi ya dawo da wani gari a ƙulle, ya ce na sanyin ƙashi ne. Mai gadi ya ce sammu ne, yana da malami a Zurmi. Matan cocinsu suka zo suka yi mata addu'a har majinyata suka ce amin. Wani ya ji a rediyo ana maganar gishiri mai maganin maƙoƙo, sai ga miyar asibiti ba ta shayuwa. Sista babba ta dube ta ta ce ai jini ne babu, ta ba ta jajayen ƙwayoyin ƙarin jini. Mu mata kuma muka ɗauki nauyin cikinta, kowace safiya wannan ta kawo kunun kanwa, waccan fura da nono, don kada magani ya same ta da yunwa.

Ranar da nake faɗa muku, matar likita ta yi tafiya, sai ya biyo kicin da sassafe neman ruwan zafi. Ina wurin ina jiran kokon majinyata. Ya tarar da Mama a kan tabarma an kewaye ta da kwanuka kamar mai jego. Ya tsaya yana kallo ta shanye kunu, ta bi da ƙosai, ta kora da fura, ta haɗiye jajayen ƙwayoyi, sannan ta kwance bakin zane ta ɗauko 'yar farar ta jefa a kai.

Ya ce, "Mama, kullum haka kike sha?"

Ta ce, "Kullum, Likita. Sai na cika ciki tam, yadda aka ce."

Ya tambayi wanda ya ce. Ta ce Malam Bawa. Aka kira Malam Bawa, ya zo yana gyara hula. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ba a haihe ka ba nike bakin tagag ga. Duk maganin da ya fita hannuna da abinci shika fita. Mi za a yi da magani cikin hanji wayam?" Kuma haka ne, ko man shafawa ka karɓa wajensa sai ya ce ka ci abinci tukuna. Ba ya ma ɗaga kai.

Likita ya zauna a kan turmi. Ya ce wannan ƙwaya ba ta son abokin tafiya. Abinci yana tare ta, nono da kanwa suna riƙe ta, maganin ƙarin jini kuwa ya fi kowa danne ta, sai ta wuce ta fita ba ta shiga jini ba. Ya ce ya faɗa mata ranar farko. Mama ta ce mai yiwuwa ne, amma ranar tana jin muryarsa kamar daga ƙasan rijiya. Likita bai yi wa kowa faɗa ba. Ya ce daga gobe da ta farka ta sha da ruwa zalla, kada ta sa komai a baki sai ta gama dama kokon majinyata, jajayen kuma sai da yamma. Ya mayar da ita kan ƙwayar farko mai ƙaramin ƙarfi, ya ce a zubar da garin Shinkafi. Ya je da kansa ya roƙi Sakatare ya ƙara mata lokaci.

Mu dai mata ba mu yarda ba. Muka ce yaron nan zai kashe baiwar Allah da yunwa. Akwai wadda ta riƙa ɓoyo kunu a ƙarƙashin gyale, Mama ta ƙi.

Ba dare ɗaya abin ya zo ba, sai da aka yi makonni. Fuska ta saɓe, ta yar da zanen lulluɓi, murya ta buɗe. Kafin a gama yankan gero jinin da aka aika ya dawo da labari mai daɗi. Sakatare ya zo kicin da kansa da tsakar rana ya shaida mata aikinta yana nan. Ta durƙusa ta yi godiya. Da ya gama sai ya miƙo wani ɗan kwano daga bayansa, ya ce a ɗan sa masa abin taɓawa kamar yadda aka saba.

Mama ta dubi kwanon ta dube shi. Ta ce, "Yallaɓai, ashe shi ya sa majinyata ke cewa miya ba nama. Ina barci ne aka saba, yanzu na tashi."

Daga ranar aka rufe ƙofar kicin ga masu zuwa da kwano. Ashe ba shi kaɗai ke ci ba, sai ga direba da mai gadi da rabin ma'aikata suna yawo da rana fuska a murtuke, har na ji direba yana cewa likitocin zamani ba su san inda za su tsaya da magani ba.

Abin da na koya shi ne, a asibiti maganar bakin taga ta fi ta ofishin likita shiga kunne, kuma mai kawo maka kunu da zuciya ɗaya yana iya hana ka warkewa bai sani ba. Ku da kuke tambayar majinyaci ko yana shan magani, ya ce yana sha, kun taɓa tsayawa kun ga da me yake haɗiye shi?