Ranar da Muka Bi Wayoyi Neman Muryar Malam

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zan manta ranar da muka bi wayoyin mutane muna neman muryar mahaifinmu.

Malam, Allah ya jiƙansa, ya shekara da shekaru yana karantar da manya a zaurenmu na Ƙofar Taramniya, teloli da 'yan kasuwa da ma'aikata. A shekarunsa na ƙarshe ɗalibai suka riƙa ajiye wayoyi a gabansa suna naɗar karatun, wannan ya tura wa wancan, waya kusa da waya. Bayan rasuwarsa, autanmu da ya karanci kwamfuta ya ce wannan ba tsari ba ne. Ya tattara karatun, ya yanke tari da kukan awaki, ya jera shi littafi-littafi, ya zuba a wata kwamfuta da yake kira saba, wadda ba a kashewa, a shagonsa na Mabera. Ita ce rumbun, in ji shi, kowa daga nan zai ɗiba.

Gaskiya abin ya yi kyau. Ɗan'uwanmu da ke Makka yakan latsa ya ji darasin da yake so, ba sai ya roƙi kowa ba. Ni dai tsokanar auta nake yi, ina cewa ya fi kula da sabar nan fiye da cikinsa, don ita har fanka biyu gare ta. Shi kuma in ya ga ina tura wa ƙawata karatu daga wayata sai ya ɓata rai.

"Yaya, ki bar wanga abu," yakan ce. "Kowa na tura nashi, sunaye sun cakuɗe, wani rabi na, wani ba a jin komi. Wuri guda ya hi."

Inna mahaifiyarmu kuwa, duk safiya sai an kunna mata darasi, tana lazimi tana saurare. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, amma ranar da aka makara ba ta karyawa da daɗi.

Sai ga damina. Wata ranar Laraba da la'asar aka yi tsawar da ta ƙone kayan wuta a layinsu, har da sabar. Ya kai ta wurin masu gyara, suka ce abin da ke ciki ya tafi. Na same shi zaune a ƙofar shago, ƙato da gemu, ido ja wur. Tausayinsa ya kama ni har tsokanar ta gudu. Ba kwamfutar ce ta dame shi ba. "Mi za ni ce ma Inna gobe da sahe?" Abin da ya iya faɗa ke nan.

Na ce ya tashi, ya ɗauko babur. Muka fara da wani tela a Gidan Dare, tsohon ɗalibin Malam. Ya ce ai yana da karatun azumi, amma na fiƙihu yana wurin mai sayar da albasa a kasuwa, shi ma daga wani direba ya karɓa. Haka muka yi ta yawo. Ko'ina sai an shimfiɗa tabarma, an yi wa Malam addu'a, sannan a kara waya da waya. Auta na tura baki yana karanta sunayen da aka sa wa darussan: "Malam sabo", "Malam mai daɗi", "kar a goge". Na ce masa, "To, ga isnadi ka samu, wane daga wane daga wane. Malam da kanai haka yat tara nashi ilimi." Dole ya yi dariya.

Washegari da safe muka kunna wa Inna ɗaya daga cikin waɗanda muka samo, ba a tace ba, ba a gyara ba. Ga kukan akuya, ga mai babur yana wucewa. Ana tsakiyar bayanin alwala sai muka ji Malam ya dakata, ya yi gyaran murya ya ce, "Ku ɗan saurara mani. Mai ɗaki ta aiko da kunu, kuma kununta ba a sa shi jira." Zaure ya ɗauki dariya.

Inna ta ajiye carbi. Ta ce, "Maido min wurin ga." Aka mayar. Ta sake cewa a mayar. Tana dariya hawaye na zuba, mu ma haka. Irin wuraren da auta ya yanke ke nan, da kyakkyawar niyya, don karatu ya fita tsaf. Ta dube shi ta ce, "Wanda kaka sa min kullum, malamin gari na. Wanga shi na nau."

Ba mu samo komai da komai ba, wasu darussan sun tafi ke nan, kuma har yau abin yana sosa mini rai. Amma auta ya sake kafa sabarsa, har da ta biyu a wani wuri, kuma ta fi ta da tsari. Bambancin kawai, yanzu da kansa yake cewa mutane su sauke su tura wa juna, kuma bai ƙara yanke kunun Inna ba.

Abin da na koya shi ne, rumbu guda yana da daɗin ɗiba, amma abin da kake ƙauna kada ka bar shi wuri ɗaya. Ka ba mutane su riƙe maka. Mu dai a hannunsu muka sami mahaifinmu, yana shirin shan kununsa.