Ɗan Mali na Gwallaga

Shekara talatin da biyu Bakari tela ya yi a unguwar Gwallaga, amma maƙwabcinsa Baba Ashiru bai taɓa kiran sunansa ba, kullum sai dai "Ɗan Mali". Da Bakari ya ji cewa zai iya zama ɗan Najeriya ba tare da ya ajiye fasfon ƙasarsu ba, sai ya cike takardu, ya roƙi tsohon ya raka shi ofis ya shaide shi.

Jami'in ya tambaya, "Baba, yaushe mutumin nan ya zo ƙasar nan?"

"Ya zo daga ina? A Gwallaga aka binne cibiyarsa! Da ni aka ci naman sunansa."

Jami'in ya rufe fayil, ya ce su je su daidaita bakinsu tukuna.

A cikin keke Bakari ya kasa haƙuri. "Haba Baba! Kullum Ɗan Mali, Ɗan Mali, sai yau da nake so ka faɗa za ka ƙi?"

Tsohon ya gyara zaman hularsa. "Wannan tsakaninmu ne. Ni ba na tona asirin maƙwabci a gaban hukuma."