Tsagar da ke kuncin Yaya

Yayata tana da tsaga guda a kuncin hagu, daga gefen hanci har kusa da kunne. Ba ta gado ba ce, don ni da aka haifa bayanta fuskata sumul take. A gidan hayarmu na unguwar Nima, inda Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa ke shanya a igiya ɗaya, tsaga ba abin kallo ba ce, amma Yaya ta tsani tata. Atamfa take sayarwa a Kasuwar Malam Atta, kuma ko hoto za a ɗauka sai ta karkata kai kamar mai ciwon wuya. Ni kuwa da bakin tsiya, kullum sai na tsokane ta.

Wata shekara ta ji labarin wani likita mai gyaran fuska. Ni na raka ta, Mma mahaifiyarmu ba ta sani ba. Likitan ya yi ta tambaya har na gaji: hawan jini, ciwon sukari, ko fatarta na yin tsiro in ta ji rauni, ko tana shafa man bilicin. Ta ce a'a, alhali kwalbar na cikin jakarta. Ya gaya mata gaskiya cewa tabo ba ya gogewa, sai dai a musanya babba da siriri. Abin da bai tambaya ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba, shi ne dalilin yin tsagar.

Da aka yi aikin muka dawo da bandeji, Mma na tsakar gida tana tsince wake. Ta dubi fuskar Yaya, sai tiren ya suɓuce mata. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tashi ta yi ta rufe taga da rana tsaka, ta hana kowa kiran sunan Yaya da ƙarfi. Sannan ta ja ni bayan ɗaki ta gaya mini cewa kafin a haifi Yaya ta binne 'ya'ya mata uku, ba wadda ta kai yaye. Tsofaffi suka ce yarinya ɗaya ce ke zuwa tana komawa. Da ta zo karo na huɗu sai aka kira wanzami ya ɓata mata fuska, don masu kiranta daga can su ƙi ta.

"Yanzu kun gyara musu ita," in ji Mma.

Na yi tsaki na ce camfi ne. Amma kafin mako ya zagayo ɗinkin ya buɗe, kuncin ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da Yaya. Likita ya ce man bilicin nan ne ya cinye ƙarfin fatar, ya ba da magani. Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Sai dai wata la'asar na shiga ɗaki na tarar Yaya na barci tana murmushi, tana amsa "na'am, na'am" da muryar ƙaramar yarinya. Mma kuma na durƙushe a kanta da tandun kwalli, tana ja mata baƙin layi a kan bandejin. Na fita da baya.

Yaya ta warke. Tabon ya koma siriri kamar zare, sai ka matso za ka gan shi. Ta yi aure a unguwar Maamobi, ta haihu, ni kuma na ci gaba da yi wa Mma tsiyar kwallinta.

Yanzu Mma ta tsufa, idonta ya yi rauni, tunaninta na zuwa yana tafiya. Ni dai tana gane ni. Wata safiya Yaya ta kawo mata koko da ƙosai. Mma ta daɗe tana kallon kuncin nata, sannan ta juyo wurina a hankali.

"Wace ce wannan baƙuwar? Tawa mai tsaga ce. Ta koma, ko?"

Muka rantse, muka nuna hotuna, duk a banza. Ta yi kwanaki tana kukan rashin 'yarta, 'yar na zaune a gefenta tana riƙe da hannunta. Ban taɓa jin tausayin Yaya irin na lokacin ba. Tun daga nan, duk zuwan da za ta yi sai ta tsaya a ƙofar ɗaki ta fito da kwalli daga jaka. Ni nake ja mata layin, daga gefen hanci har kusa da kunne.