Dinarin Inna da na kai a narkar

Salamu alaikum. Yara duk lafiya, sai Malam da ƙafarsa ta tashi, ni kuma tun jiya gabana bai daina faɗuwa ba.

'Yata Rukayya, wadda za a yi bikinta bayan Sallah, ta dawo daga makaranta a Samaru, ta nuna mini hoton wani tsohon dinarin zinariya a waya. Wai ya kusa shekara dubu, masu tara irinsa suna rububinsa a gwanjo a Turai.

Na ce, "Ai irin na marigayiya Inna ne, mai rubutun Larabci, wanda take ratayawa a wuya."

Ta ce, "Mama, yana ina?"

"Yana wurin maƙeri. Na ce ya narkar, ya yi miki 'yan kunne. So na yi ki gani kwatsam."

Ko mayafi ban yafa daidai ba muka tari keke sai Sabon Gari. Maƙerin ya buɗe gwangwani yana dariya. "Hajiya, ki gode wa gas ɗina da ya ƙare. Da tuni ya zama ruwa."

Yanzu yana ƙulle a bakin zanena. Malam ya ce a sayar. Rukayya ta ce a huje Inna ta bar shi, zare kawai take so ta rataya shi a wuya.

Don Allah, wa ya san mai gane tsohon dinari na gaske, mai amana? Ku amsa mini kafin Alhamis, ranar maƙerin zai hura wuta; in ba na gaske ba ne, sai in mayar masa ya narkar.